Sabon Tafinta don Injin Mama

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Ni da Mama muna gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda za ta same ka cikin sauƙi. Yaya jikin? Yaya hannun? Matar Yaya ta ce yanzu kana riƙe cokali da kanka, har kana harararta idan ta zo taimaka maka. Da na ji haka na ce to, Babana ya fara dawowa. Allah ya ƙara sauƙi.

Tunda waya tana gajiyar da kai, kuma maganar ba ta gama sakuwa ba, na ga gara in riƙa rubuto maka. Ka karanta a hankali, ba sai ka amsa ba.

Akwai labari, kuma ba mai daɗi ba ne. Tsohuwar kwamfutar shago ta mutu. Ranar Talata Mama ta kunna ta, ta yi wani kuka irin na tsohuwar ƙofa, daga nan shiru. Mai gyara ya ciro ma'ajinta ya kwafe min duk abin da ke ciki, saboda haka zanukanka ba su ɓata ba, ko ɗaya. Amma tafintan nan da ka rubuta, wanda yake juya umarninka zuwa yaren da injin surfani yake ji, ya ƙi tashi a kan kowace kwamfutar zamani. Mai gyara ya gwada guda uku, ya ɗaga hannu. Ga zane sama da ɗari uku rubuce da yaren da kai ka ƙirƙira, ga inji lafiyarsa ƙalau, amma babu mai fassara tsakaninsu.

Mama kuwa ba ta fasa fita ba. Kullum da safe tana buɗe shago kamar yadda ta saba, ta goge injin, ta sa masa mai, ta zauna a kujerarta tana jera zare kala-kala. Ga aikin bajen makarantar nan da ta karɓa, tambarin da ake liƙa wa rigunan ɗalibai, yana jibge a kan teburin yanka. Kallonta kawai yana karya min zuciya.

Yaya ya kira. Ya ce lokaci ya yi da za a rufe shagon, a sayar da injin ko don ƙarfensa, Mama ta koma can wajenku ta huta. Ka san Yaya, ba mugunta ba ce, shi tausayi da tsawa yake zuwar masa. Amma ni da kai mun san Mama idan aka raba ta da wannan kujera. Na roƙe shi, ya ba ni zuwa ƙarshen wata. Idan injin bai motsa ba, zai zo da mota.

To Baba, na cika baki. Na ce masa zan rubuta sabon tafinta. Ni, malamar lissafi, da ɗan abin da ka koya min ina ƙarama da ɗan wanda na tsinta a makaranta. Abin da ya ba ni ƙarfin gwiwa shi ne yanzu ba sai mutum ya faro daga ƙasa kamar yadda ka yi ba. Akwai tarin kayan aiki da masana suka tara kyauta don ƙera tafinta. Ni aikina in koya masa karanta yarenka, sauran shi zai yi. Muna hutun makaranta, na sauke kayan jiya, kuma na samo koren littafin nan naka na bayanin yaren a ƙasan aljihun tebur.

Ka yi min addu'a. Mama ta ce ka sha maganinka ba tare da gardama ba.

Taka,
Auta

Babana,

Bayan gaisuwa da tambayar jiki. Takardarka ta iso, na kuma yi ta juya ta. Kalma biyu kacal da hannun hagu, “Yi gwaji”, amma na san gumin da ka yi kafin ka rubuta su. Na liƙa ta a bango. Mama ta ce rubutunka na hagu ya fi na dama karantuwa, ka ji ta.

Bari in ba ka labarin wahalar da na sha, ka samu abin dariya. Ashe kayan nan ba a haɗe suke zuwa ba. Rubutu ne zalla, dubban fayiloli, sai ka sa kwamfutarka ta gina su tukuna. Abin dariyar ma, sai da wani tafintan ake gina kayan ƙera tafinta. Takardar jagora ta yi bayani dalla-dalla, amma ka san ɗiyarka da zumuɗi. Na karanta farko, na karanta ƙarshe, na tsallake tsakiya. Ban zaɓi komai ba, na ce a gina duka. Ashe na umarce ta ta gina wa kowane irin inji da ke duniya, alhali ƙaramar ƙwaƙwalwa guda ɗaya ce a cikin injinmu.

Tun hantsi kwamfutata ta kama huci. Ta yi zafi har Mama ta ɗora ta a kan kwarkwaron zare guda huɗu don iska ta shiga ta ƙasa, ta ɗauki kwali tana yi mata fifita kamar mai jego. Lamba tana hawa a allo, muna kallo. Wajen la'asar ta kai casa'in da bakwai cikin ɗari, daidai inda ake ɗaure sassa wuri ɗaya, sai ƙwaƙwalwarta ta cika, komai ya tsaya cak. Na sake washegari, haka. Na sake jibi, haka. A karo na uku na kifa kai a kan teburin yanka, Mama ta ce in tashi kada in jiƙa mata yadin mutane.

Da na rasa ta cewa sai na ajiye girman kai, na rubuta tambaya a dandalin masu amfani da kayan. Cikin awa guda wani bawan Allah ya amsa, ban san sunansa ba, ban san ƙasarsa ba. Ya ce in zaɓi injina kaɗai, in gina sigar da ba ta da nauyi, in kuma riƙa ɗaure sassan ɗaya bayan ɗaya. Ya ƙara da cewa in ware wa ginin wurinsa daban, don na cakuɗa shi da rubutun asali. Ya ce kowa ya taɓa yin haka. Wannan jimlar ta ƙarshe ta fi min sauran daɗi. Na share komai na faro, cikin awa biyu gini ya kammala. Na bar gwaje-gwajen da suka zo da shi suka gudu, duk suka wuce.

Yanzu ina kan yarenka. Baba, kalma goma sha tara kacal! Soka, ɗaga, matsa, maimaita, ƙirga, yanke, da 'yan uwansu. Da su ka ciyar da mu. Ina karantawa ina jin kamar kana tsaye a bayana. Nawa ɓangaren yana karanta kalmominka ya miƙa wa kayan, su kuma su tace, su fitar da abin da injin zai ji. A cikinsu akwai wani sashe da aikinsa shi ne ya share duk abin da ya ga ba shi da amfani, don aiki ya yi sauri. Na yi wa Mama bayani, ta sa masa suna mai shara. Ta ce in aro mata shi ya zo ɗakina.

Saura kwana goma sha shida. Ka gaishe da Yaya, amma kada ka nuna masa inda na ce na kifa kai.

Taka,
Auta

Baba,

Ina gaishe ka, ina fatan jiki yana ƙara kyau. Wannan takardar kwana biyu ina farawa ina yagewa. Mama ta ce kada in faɗa maka, amma ba zan iya kallon rubutunka a bango ina ɓoye maka ba.

Injin ya motsa. Ranar Litinin na tura masa zanen ɗan ganyen nan mai kala ɗaya, ya ɗinka shi tsaf a kan ƙyalle, har ya fi da sauri. Mama ta yi dariyar da rabona da jin irinta tun kafin ka kwanta. Kaina ya kumbura. Na ce mu tafi kan bajen makaranta kai tsaye, mai kala uku.

Ka san yadda aikin yake. Idan kala ta ƙare injin ya ɗaga allura, Mama ta sa hannu da ɗan almakashinta ta datse wutsiyar zare, ta janye, shi kuma ya ci gaba da kansa. To wannan karon bai jira ba. Ta sa hannu ke nan allura ta sauko, ta shige gefen manuniyarta kusa da farce. Ko ƙara ba ta yi ba, ni ce na yi. Na kashe wuta, muka tafi ƙaramin asibitin bakin titi. An wanke, an yi mata allura, an naɗe. Allurar injin ba ta taɓa ƙashi ba, sun ce sati ɗaya za ta warke. Wallahi gaskiya nake faɗa maka, ban rage komai ba.

Laifina ne. Ka ce in yi gwaji, na gwada ɗinki, ban gwada injin babu hannun kowa a ciki ba. Kunya kamar in nutse.

Amma ba yatsan ne ya fi damuna ba. Da muka dawo ta zauna a kujerar baƙi, ba tata ba. Ta ce shekara ashirin da shida allura ba ta taɓa riga ta ba, kowa a layin nan ya san saurin hannunta. Ta ce ashe tsufa ya zo ba ta sani ba, wataƙila Yaya ne da gaskiya. Jiya ba ta buɗe shago ba. Na same ta tana ninke mayafanta a cikin akwati. Da ina tsoron Yaya zai zo ya ɗauke ta, yanzu ita ce take shirin bin sa da ƙafarta.

Ban san abin da ya faru a cikin injin ba tukuna, amma zan gano. Ka yafe min.

Auta

Babana abin ƙaunata,

Gaisuwa da fatan alheri. Yatsan Mama yana warkewa, kumburin ya saɓe. Ina fatan kai ma kana bin motsa jikin da aka ce ka yi.

Na gano. Kuma ina da magana da kai.

A cikin abin da mai gyara ya kwafo akwai tsohuwar fassarar bajen nan, wadda tafintanka ya fitar bara. Na jera ta kusa da tawa, ina bi layi-layi da fensir kamar ina duba jarrabawa. Tawa ta fi gajarta da layi biyar, kuma duk a wuri ɗaya, bayan ɗaga allura. Na koma fayil ɗin yanke, wanda duk zanuka suke amfani da shi. A nan na ga ka rubuta a ƙirga ɗari tara, babu komai a cikin ƙirgar, babu inda aka yi amfani da ita. Tafintanka mai biyayya ne, an ce ya ƙirga sai ya ƙirga, kuma kafin injin ya gama wannan ƙirgar daƙiƙa kusan uku sun wuce. Shi kuwa mai shara ya duba ya ga ƙirgar banza, ya share ta. Bai yi kuskure ba, abin da aka ƙera shi ya yi ke nan. Ni ce ban gaya masa akwai hannun mutum a wurin ba, don ni ma ban sani ba.

Baba, da ka rubuta layi ɗaya na bayani me zai rage ka da shi? Littafi guda ka cika da yadda ake zana ganye da haruffa, amma wannan ko ɗigo.

Ina cikin wannan faɗan da kai a raina sai na lura kana da kwafin fayil ɗin na kowace shekara, don kai ba ka zubar da komai. Na buɗe na farko, ɗari uku. Ya daɗe a haka. Sai ya koma ɗari biyar, na duba shekarar, ita ce shekarar da Mama ta fara sa tabarau. Sai ɗari bakwai da hamsin, lokacin da sanyin ƙashi ya kama yatsunta, muna dafa mata ruwa tana tsoma hannu. Ɗari tara kuwa ka sa ta mako biyu kafin ka faɗi. Babu abin da yake canzawa a fayil ɗin sai wannan lambar.

Na fita bayan shago wurin famfo na yi kuka mai isata, da rana tsaka, mai gugar maƙwabta yana kallona. Sai yanzu na gane abin da kake yi idan ka tsaya a bayanta da kofin shayi, leɓenka yana motsi. Mu mun ɗauka mita kake yi a kan ɓarnar zare. Ashe ƙirga hannunta kake yi. Duk cika bakin da take yi a gaban abokan ciniki, cewa ita allura ba ta riga ta, kana jin ta kana kaɗa kai, ba ka taɓa cewa uffan ba.

Yanzu ga inda na tsaya. Idan na gaya mata duka, za ta san ba ranar Litinin hannunta ya yi nauyi ba, ya daɗe yana yi. Idan na yi shiru, za ta ci gaba da cika akwati. Sai na gaya mata rabi. Na ce ni ce na cire wa injin tsayawar da yake yi, har na nuna mata a allo inda layukan suka ɓace. Ta kalla ta daɗe, ta ce to. Ba ta kwance akwatin ba, amma ba ta ƙara komai a ciki ba.

Na ce mata zan sa maɓalli, injin kada ya tashi sai ta danna. Ta ƙi. Ta ce hannu biyu gare ta, ɗaya da almakashi ɗaya da yadi, na ukun sai dai in ara mata.

Saboda haka ina neman izininka in ƙara kalma ta ashirin a yarenka. Jira. Na koya wa tafinta cewa wannan kalmar mai shara ba ya taɓa ta, ko da ya ga kamar ba ta aikin komai. Na kuma rubuta gwaji na musamman, duk ranar da jiran ya ɓace ginin ba zai wuce ba. Kuma ni dai na rubuta bayani a samanta, layi uku. Abin da ban sani ba shi ne lambar da zan sa. Kai ka san hannun nan.

Saura kwana shida.

Taka har kullum,
Auta

Babana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kuma Yaya ya iso gida lafiya. Na san ya ba ka labari, amma na san labarin Yaya, jimla biyu ne ya tashi. Ga cikakken.

Ya iso ranar Alhamis da motar da ya yi alkawari, da igiyoyin ɗaure inji a baya. Ya miƙo min takardarka bai san abin da ke ciki ba, ya ce wai Baba ya kwashe rabin awa yana rubuta wannan. Na buɗe na ga “Ƙara ɗari”. Na shiga ciki na mayar da lambar dubu ɗaya.

Wannan karon na yi abin da ka ce. Na kunna injin babu kowa kusa, na sa fensir a inda yatsa yake shiga, ina duba agogo. Na gwada sau ashirin, sau ashirin yana jira. Yaya yana tsaye a bakin ƙofa ya harɗe hannu, yana cewa ko ya yi aiki shi bai yarda Mama ta sake kusantar wannan abin ba. Ita kuwa tana zaune a kujerar baƙi kamar ba da ita ake ba. Da ya faɗa a karo na uku sai ta miƙe. Ta ce masa ita ta haife shi, ba shi ya haife ta ba, ya matsa mata daga haske. Ta ɗauki almakashinta ta zauna a kujerarta.

Baba, sai na kunna injin. Kala ta farko ta ƙare, allura ta ɗaga. Hannun nan mai bandeji ya shiga. Ta datse, ta janye, har da ɗan sarari kafin allura ta sauko. Kala ta biyu haka. Da bajen ya fito ta cire shi ta miƙa wa Yaya ba tare da ta kalle shi ba, ta ɗora wani yadin. Kafin azahar ta yi goma sha huɗu. Yaya ya zauna a kan buhun ƙyallaye yana juya bajen a hannunsa. Can ya ce a ɗinka masa sunan 'yarsa a jakar makaranta kafin ya tafi. Maganar sayarwa ba ta sake tashi ba, motar ta koma da igiyoyinta.

Bayan ya tafi muna share zare a ƙasa, sai Mama ta tambaye ni, ba tare da ta ɗago ba, nawa na sa. Na yi kamar ban gane ba. Ta ce kada in raina mata hankali, ta ji jiran ya fi na bara tsawo. Na ce dubu ɗaya, kuma kai ka ce.

Ta jingina tsintsiya ta zauna. Ta ce tun shekarar tabarau ta sani. Mutumin da yake aiki da inji kullum ya san numfashinsa, kuma kai ba ka iya ƙirga a zuci ba, sai leɓenka ya motsa. Ta ce ta bar ka ne don ta ga kana jin daɗin ɓoyewar, cika bakin ma don kai take yi. Ranar da allura ta kama ta, ba tsufa ne ya tsorata ta ba, wannan ta daɗe da saninsa. Abin da ya karya ta shi ne ta sa hannu ta ji babu kai a wurin. Shi ya sa ta fara haɗa kaya, ta ga zaman nan ba shi da amfani.

Ta kwance akwatin a daren jiya kafin mu ci abinci. Na tambaye ta ko in rubuta maka duk wannan, ta ce in rubuta, kun yi girma da wasan ɓuya.

Ta kuma ba ni saƙo, ta sa na maimaita mata don kada in canza. Ta ce ta ji kana fushi da hannunka, kana jefar da ƙwallon robar da likita ya ba ka don ba ya matsuwa da wuri. Ta ce ka ɗauko shi. Ka yi a hankali, babu mai korarka. Shekara da shekaru kana jiran hannunta ba ka taɓa nuna gajiya ba, yanzu ita ma za ta jira naka, ko nawa ne lambar.

Muna gaishe ka, muna kewarka ƙwarai.

Taka har kullum,
Auta